Ɗaki Mai Taya Daga Liba Zuwa Aliero

Tukur bai gama sauke albasar da ya kawo kasuwar Jega ba, saƙon ya iske shi. Wani mai babur daga Maiyama ne ya tsaya a gefen motarsa, ko injin bai kashe ba, ya shaida masa cewa matarsa Iklima ta faɗo daga tsani a gidan iyayenta a Liba, tana sauko da kuɓewar da aka shanya a kan ɗaki, kuma cinyarta ta karye. An gwada ɗora ta a amalanke ta suma. Ba ta iya zama, ba ta iya lanƙwasa ƙafar, kumburi kuwa sai ƙaruwa yake. Surukinsa ya ce ya zo da mota a kai ta Aliero wurin masu ɗori tun ƙafar ba ta ɓaci ba.

Hantsi ne, amma zafin bazara ya riga ya sauka. Shekara ta biyu ke nan da yanke jihar Kebbi, duk mai mota a yankin ba ya hutawa, in ba albasa ba to gadaje da kujerun ma'aikatan da ke ƙaura daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi. Tukur ya fi wata guda bai yi barcin kirki ba. Ya tsaya riƙe da bakin buhu. Kwana uku kacal da ya kai Iklima Liba da kansa, wurin sunan ɗan ƙanwarta, tana gefensa tana yi masa tsiya wai yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ya juya ya dubi bayan a-kori-kurar tasa. Ƙarfe ne tsura, ko albasa sai ta ƙuje kafin a iso kasuwa. Ina za a kwantar da mace mai karyayyar cinya a nan? Sai ya tuna da abin nan da ke ajiye a garejin Maiwada makanike.

Wani ɗaki ne mai taya biyu, fari, da 'yan tagogi, wanda masu aikin hanya suka bari lokacin da suka tashi daga sansaninsu. A ciki akwai gado ɗaure da bango, da katifa. Maiwada ya saye shi ne da niyyar mayar da shi shago, har yau bai samu sukuni ba, kaji ne ke kwana a ƙarƙashinsa. Da ya ji abin da ya faru bai ja magana ba. Ya kori kajin, ya ba tayoyin iska, ya ɗauko na'urar walda ya shiga haɗa ƙugiya a bayan motar Tukur, yana yi yana mita cewa direbobin Jega ba sa tuna shi sai ranar wuya.

Da ya gama, ya ce wa Tukur ya kama dogon ƙarfen da ya fito daga goshin ɗakin ya ɗaga. Tukur ya kama da hannu biyu, jijiyoyin wuyansa suka tashi, da ƙyar ya raba shi da ƙasa.

"Ka ji shi ko?" in ji Maiwada. "Mutane na ganin tayoyinsa sai su ce ai shi ke ɗaukar kansa. Tayoyin a tsakiya suke, goshin nan kuwa bisa gindin motarka zai kwanta. Motarka buhu takwas na gero take ɗauka cikin mutunci. Wanga ɗaki ya ci biyu tun babu kome cikinsa. Saura shida, kuma da kai da duk wanda ya hau, cikin shidan kuke."

Tukur ya ce ai ya sha ɗora mata goma sha biyu ta kai shi gida lafiya. Maiwada ya ce ya sani, shi ke gyara sifirin ɗin, ƙarafan da ke tallabe bodinta, duk wata. Amma wancan kayan a cikin bodi suke zaune, a kan tayoyi. Wannan nauyin can ƙarshe yake rataye, bayan tayoyin baya, yana danne gindi yana ɗage kai, har tayoyin gaba su daina cizon ƙasa. Ya ƙara da cewa duk abin da aka ajiye a gaban ɗakin, tsakanin tayoyinsa da ƙugiya, ba ɗakin ke ɗauke da shi ba, motar ce. Ya durƙusa, ya ja hannun Tukur ya cusa a ƙarƙashin bodi, tsakanin aksul, ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, da wata baƙar roba.

"Yatsa uku. In ba su shiga ba, kada ka tada mota, ko wa ya ce ka tada."

Tukur ya ce ya ji. Kuma har ga Allah ya ji.

Ana kiran azahar ya shiga Liba, ɗakin yana biye da shi, mutane suna fitowa daga zauruka suna kallo. A ƙofar gidan surukinsa, Baba Muhammadu, ya tarar da abin da ya kamata a ce ya yi tsammani, amma gajiya da tashin hankali suka mantar da shi. Zaman ɗori a Aliero kwana arba'in ne ko fiye, kuma a Liba ba a barin mai jinya ya tafi garin mutane hannu wofi. Kowane gida ya kawo abin da ya samu. Ga buhunan gero da na dawa jingine da bango, ga damin itace, ga turmi da taɓarya biyu, ga tukwane, ga randa, ga wata akuya mai nono da wata tsohuwa ta ja ta kawo don a riƙa yi wa marar lafiya kunu. Ga kuma masu rakiya, kowa da ƙunshin tufafinsa a hammata.

Aka fito da Iklima a kan ƙyauren ɗaki, maza huɗu na riƙe da shi. An ɗaure cinyar da karan dawa da tsumma. Fuskarta ta yi fari-fari, leɓɓanta sun bushe, gumi ya manne gashin goshinta. Tukur ya ji kamar a ce kowa ya watse, ya rage daga shi sai ita, ya tallabi kan nan ya ce mata ga shi ya zo. Amma a ƙofar gidan surukai yake, ko matsowa sosai bai iya ba. Ita ce ta buɗe ido ta ga farin ɗakin, ta motsa baki.

"Direba, gida guda ka jawo mini?"

 Ya riƙe ƙofa aka shiga da ita, aka kwantar da ita a gadon da ke can bayan ɗakin. Mahaifiyarta, Inna Luba, ta hau ta zauna a ƙasa kusa da ita.

Lodi kuwa Ɗantani ne ya karɓe shi, ƙanen Baba Muhammadu, mutum mai murya, wanda ya je Ikko sau uku a saman motar shanu, tun daga nan kuma babu wanda ya isa ya koya masa sha'anin mota. Ya leƙa ɗakin ya ga fili a gaba, ya ce a zuba gero huɗu a nan, ai wannan da ƙafafunsa yake tafiya. Sauran buhunan, da itacen, da turmin, da randar, da akuyar, aka jera su a bodi. Mutum shida suka hau kai suka zauna. Tukur yana tsaye yana kallon gindin motar yana sauka a hankali, kanta yana ɗagawa kamar raƙumin da ke shirin tashi.

Ya zaga ta gefen da ba mutane, ya durƙusa ya cusa hannu. Yatsa ɗaya ne ya shiga, shi ma da ƙyar.

Ya jawo Ɗantani gefe, ya yi ƙasa da murya, ya ce kayan sun yi yawa, a rage, gobe ya dawo ya kwashe sauran. Ɗantani bai san ƙasa da murya ba. Ya tambaye shi, yadda kowa zai ji, wane buhu yake so a sauke, na Maigari ko na liman? Ko akuyar tsohuwar da ke tsaye tana kallonsu za a mayar mata a ce ba a so? Ya ce shi ya ga motar da ba ta kai wannan ba ta ɗauki bijimi biyu. Mutane suka yi dariya, irin dariyar da ake yi don a rage zullumi.

Baba Muhammadu, wanda ya riga ya zauna a gidan gaba da tasbaha a hannu, ya juyo ya dubi Tukur. Duba ne kawai na mai jiran a tafi. Shekara huɗu da auren, Tukur bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, maganar da ta taɓa shiga tsakaninsu ba ta wuce gaisuwa da tambayar damina ba. Yanzu a ce ya buɗe baki a ƙofar gidan mutumin nan, a gaban garinsu, ya ce a sauke alherin maƙwabtansa, a sauke 'yan'uwansa? Ya sunkuyar da kai. Ya gaya wa zuciyarsa cewa zai bi a hankali, hanyar ba ta da nisa, Allah na nan. Ya shiga ya tada mota.

Tun kafin su bar gonakin Liba ya gane abin da ya yi. Sitiyarin da ya saba ji da nauyi a hannu ya koma sakayau kamar faifai, yana juya shi motar sai ta yi shawara kafin ta bi. Hanyar jar ƙasa ce, amalanke sun rarake ta. Ramin farko da suka faɗa, sifirin bai da sauran inda zai lotsa, aksul ya daki bodi, gau, dukan ya bi ta ƙugiya ya shige ɗakin da Iklima ke kwance. Tukur ya ji shi a haƙoransa. Ya rage gudu har mai keke zai iya wuce su, duk da haka kowane rami sai an ji gau ɗin nan. A gefensa yatsun Baba Muhammadu suna jan tasbaha, da an ji dukan sai su tsaya, sannan su ci gaba. Daga ɗakin babu kuka, babu ƙara, kuma shirun nan ya fi kuka ci masa rai, don ya san halin matarsa. Ba za ta yi ihu mahaifinta na ji ba.

Da suka hau kwalta a Maiyama ya ɗan samu numfashi, ya sa giya ta uku. A nan ne kuma abin ya kusa zama na kuka. A wata gangara, wata babbar mota ɗauke da siminti ta taho ta wuce su da gudu, iskarta ta bugi gefen ɗakin. Ɗakin ya karkata hagu, ya dawo dama, ya ja gindin motar tare da shi. Tukur ya juya sitiyari, tayoyin gaba suka ƙi amsawa, motar ta nufi bakin hanya tana rangaji. Na bayan suka ɗauki salati, randa ta fashe, akuya ta ɓarke da kuka. Ƙafarsa ta kai kan burki, wani abu ya hana shi dannawa da ƙarfi, ya riƙa taɓawa kaɗan-kaɗan, yana kiran sunan Allah a ransa, har suka gangara gefe suka tsaya a inuwar wata tsamiya. Wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashi, ƙas, kamar an karya busasshen reshe.

Ya fito ya buɗe ƙofar ɗakin. Buhu ɗaya ya zame ya tokare ƙafar gadon. Inna Luba ta rungume kan 'yarta tana hawaye ba sauti. Iklima ta cusa bakin zanenta a baki ta cije har ya huje. Karan da aka ɗaure cinyar da su sun goce, tafin ƙafar kuma ya kwanta waje, ba yadda yake ba lokacin da aka shigo da ita. Ta zare zanen daga bakinta, ta dube shi, babu fushi a idon, gajiya ce zalla.

"Kowane rami cikin ƙashin nake jin shi," in ji ta. "In ba za a iya ba, ka bar ni nan ƙarƙashin iccen in huta."

Ya rufe ƙofar a hankali. Ya leƙa ƙarƙashin mota ya ga ganye ɗaya na sifirin hagu ya tsage. Sannan ya zaga wajen gidan gaba, ya tuɓe takalmansa a kan tsakuwa mai zafi, ya tsuguna a gefen ƙofar da surukinsa ke zaune, idonsa a ƙasa.

"Baba, a gafarce ni. Motar ba ta iya wanga kaya. Ɗakin can bisa bayanta yake kwance, geron da anka sa gabansa ita ke ɗauke da shi. In munka ci gaba haka, ko mu faɗi, ko mu kai ta da ƙafar da ba ta ɗoruwa. Sai an sauke kaya duka. Mutane ma sai sun sauka."

Ɗantani ya diro daga bodi yana cewa a tsakiyar daji za a zubar da su kamar kayan sata, ai da ya san haka ne da bai baro gida ba. Baba Muhammadu bai kula shi ba. Yana duban hanya ta gilashi ya yi wa Tukur tambaya ɗaya, a hankali, ba tare da ya waiwayo ba.

"Ka san haka tun Liba?"

"Na sani, Baba."

"To mi ya hana ka faɗi?"

 Amsar tana nan, su duka biyun sun san ta, amma a bakin hanyar nan, da Iklima kwance a bayansu, ba ta kai a furta ta ba. Tsohon ya nisa, ya tura ƙofa, ya sauko da ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shi ma ya kai nauyin buhu guda, don haka da shi za a fara. Ya je ya zauna a kan saiwar tsamiyar, ya ce wa sauran su sauke kome, a kai yarinyar. Ɗiyarsa ta fari ce, bai taɓa kiran sunanta ba.

Aka sauke. Ɗantani na ta mita ƙasa-ƙasa. Aka tara buhunan a gindin itacen, aka ɗaure akuyar a jikin turmi. Tukur ya bar tukunya ɗaya da rabin buhun gero a cikin ɗakin, ya ja buhun da kansa ya daidaita shi a kan tayoyin ɗakin. Inna Luba ta gyara ɗaurin karan yadda ta iya. Tukur ya durƙusa ya cusa hannu, yatsa uku suka shige har da saura. Ya ce wa surukinsa zai dawo kafin magariba, tsohon ya ɗaga masa tasbaha kawai.

Sauran tafiyar babu abin faɗa a cikinta. Sitiyarin ya dawo da nauyinsa, ramuka suka koma ramuka, motar na lotsawa tana tashi ba duka. Sauƙin abin ne ma ya fi yi masa ciwo, don da haka za su taho tun daga ƙofar gida. Ya ratsa Jega ta gaban garejin Maiwada bai waiwaya ba. La'asar ta ɗan gota suka shiga Aliero, warin albasa ya tare su tun daga bakin gari.

Mai ɗorin dattijo ne siriri, hannuwansa kamar na manomi. Ya hau ɗakin ya kwance tsumman, ya bi cinyar da yatsu yana lumshe ido, ya tambayi yaushe ta faɗi, da me aka kawo ta, ta wace hanya. Ya ce bakin ƙashin biyu sun goce sun hau juna, sai an ja. Ya kira mutanensa biyu, ya ce mijin ya fita. Tukur ya tsaya a waje ya dafa bangon ɗakin, ƙarfen yana ƙona masa tafi bai ɗauke ba. A nan ya ji ihun da ta riƙe tun daga Liba, ya fito gaba ɗaya, sau ɗaya, sannan shiru.

Da dattijon ya sauko yana goge hannu, ya ce an dace, ƙashin ya zauna, kuma da yardar Allah za ta taka. Sai dai ƙafar za ta ɗan gaza 'yar'uwarta, za a riƙa gani a tafiyarta. Tukur ya tambaye shi ko faɗuwar ce ta jawo haka ko hanyar. Dattijon ya dube shi, ya dubi motar, ya ce shi ƙashi yake ɗorawa, wannan kuwa Allah ne ya bar wa kansa sani. Ya ce a bar ta a cikin ɗakin nan nata, ya fi tabarma, kada a motsa ta kwana arba'in.

Tukur ya jawo wani kututture ya tokare goshin ɗakin, ya kwance ƙugiyar, sannan ya shiga. Inna Luba ta fita neman ruwa. An jera wa cinyar sababbin kara, an naɗe ta tsaf. Iklima tana kwance idonta a rufin, numfashinta ya daidaita. Ya zauna a ƙasa inda mahaifiyarta ta tashi, ya kama hannunta, karo na farko a ranar nan. Hannun ya yi sanyi.

Ta tambaye shi abin da mai ɗorin ya ce. Ya so ya ce mata lafiya lau, ta warke ta gani da kanta, kwana arba'in ai da nisa. Ya ga bai da ƙarfin sake yin wani shirun a rana ɗaya. Ya gaya mata duka, har da yatsa ɗayan da ya shiga a ƙofar gidansu, da yadda ya tada motar yana sane.

 Hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shige kunnenta, ba ta share ba, ba ta kuma zare hannunta daga nasa ba.

"Zan dai taka?"

"Za ki taka."

"To." Ta lumshe ido. "Tashi ka ɗauko Baba, rana ta yi ƙasa. Bai sha ruwa ba tun azahar."

Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya cika jarka da ruwa a randar gidan mai ɗorin, ya ajiye a gidan gaba, ya juya kan motar ya kama hanyar Jega zuwa gindin tsamiyar nan.